Bututun Da Ya Fashe A Ƙarƙashin Ɗakin Umma

Shafi na 19

Na ga saƙonninku. Masu cewa "Maman Dongha, ki ji tsoron haƙƙin Yonsil," na gan ku. Wadda ta rubuta cewa ni ce muguwar labarin nan, ke ma na gan ki, har da hoton kyanwarki. Ku dai tsaya ku ji abin da ya faru ranar Litinin ɗin, sannan kowa ya yanke hukuncin da ya ga dama. Ni abu ɗaya na sani, ni kaɗai Umma ta haifa.

*

Ƙarfe tara saura na tsayar da mota a ƙofar benen su Umma a birnin Incheon. Tun daga gidana a Suwon nake tuƙi cikin sanyin nan na tsakiyar watan biyu, bayan Sabuwar Shekararmu ta gargajiya, ga akwati babu komai a cikinsa a bayan mota. Na kayan Umma ne.

Tun ranar da shugabar mazauna benen ta kira ni ta ce ruwa na sauka daga gidan Umma zuwa gidan da ke ƙasa, har ya biyo bangon matakala yana daskarewa, na gama tsara komai. Za a fasa daɓe, za a kashe ɗumin ɗaki, kwana goma aƙalla. Tsohuwa 'yar saba'in da takwas ba za ta kwana a kan siminti mai sanyi ba. Gidana za ta tafi. Na kwashe littattafan ɗana Dongha daga ƙaramin ɗaki, na sayi sabuwar katifar ƙasa, har da matashin ƙaiƙayi irin wanda take so.

Shekara huɗu rabon Umma da kwana a gidana. Shekara huɗu kuma da Yonsil ta tare a gidan ƙasa. Ku haɗa da kanku.

Ina cikin cire takalmi, ko gaida Umma ban gama ba, na ji ana danna lambobin makullin ƙofa daga waje.

Tit, tit, tit, tit.

Ko ƙwanƙwasawa babu.

Yonsil ce, riƙe da tukunya da tsumma, tururi na tashi.

"Yaya Ranhi, har kin iso? Ya hanya?"

Na ce lafiya. Ba fuskarta nake kallo ba, rigar sanyin da ke jikinta nake kallo. Ruwan toka, mai maɓallan katako. Ni na sayo wa Umma ita ranar haihuwarta, sai da na shiga shago uku kafin na samu kalar. Umma ta ce min ta adana ta sai za ta fita unguwa. Ashe unguwar ba ta wuce hawa ɗaya zuwa ƙasa ba.

Ta wuce kicin kamar gidan ubanta. Ta ɗauko kwanon Umma, ta zuba kunun kabewa, tana faɗin wai ba ta sa gishiri da yawa ba, yadda Umma ke so. Ni da aka haifa a gidan sai da na buɗe durowa biyu kafin na ga cokali, don an sauya wa komai wuri.

Umma na zaune a ƙasa a ɗakinta, jikin bango, inda ya fi ko'ina ɗumi, bargo a kan ƙafafunta. Ta rame. Tun da Sabuwar Shekara na lura, ta ce haƙori ne ke hana ta cin abinci, na yarda.

Na ce, "Umma, na zo da akwati. Da an fara aiki za mu kama hanya."

Ta hura kunu ta ce, "Bari dai mai gyaran ya zo."

Tara da rabi sai ga shi. Oga Pyo, ɗan gajeren dattijo, ya hauro hawa uku da akwatunan aiki yana haki, yana tsine wa duk wanda ya gina bene babu na'urar hawa. Ya duba mita, ya rufe wannan, ya buɗe wancan, ya hura iska a layin ruwan sanyi ya ce lafiya lau. Na ruwan zafi ma lafiya. Da ya zo kan bututun da ke zagaye ƙarƙashin daɓe yana ɗumama ɗakuna, allurar ma'auninsa ta fara sauka a gaban idonmu.

Ya ce a kashe firij, a cire agogon bango, kowa ya rufe bakinsa.

Ya maƙala abin saurare a kunne, ya riƙa dafa wani ɗan ƙarfe a ƙasa yana rarrafe. Falo. Tsohon ɗakina. Bakin banɗaki. Ya shiga ɗakin Umma, ya bi bango a hankali har ya zo dab da bargonta, ya tsaya.

"Kaka, a yi haƙuri a ɗan matsa. A ƙarƙashinki yake."

Kafin na miƙa hannu Yonsil ta riga ni. Ta sa hannu a hammatar Umma ta hagu, ta ɗaga ta a hankali, kamar wadda ta san inda ba a taɓawa. Na tsaya da hannuna a miƙe kamar mai roƙo.

Oga Pyo ya yi alama da alli a kan ledar ɗakin, ya cire abin kunnensa.

"Yaushe kuka ce ya fara?"

Na ce makon jiya.

Ya yi 'yar dariya. "Madam, shekarata talatin ina sauraren daɓe. Wannan ba yoyon mako ɗaya ba ne."

Ya fita baranda inda tukunyar ɗumama ruwa take. Tsohuwa ce, tun Baba na da rai aka sa ta, irin wadda ake ƙara wa ruwa da hannu. Ya shafa makunninta, ya nuna min yadda yake sheƙi saboda yawan murɗawa. Ya ce da irin ɓular da ke ƙasan nan, kullum sai ruwan tukunyar ya ƙare ta kashe kanta. Da tuni Kaka ta sandare don sanyi.

"To wa ke ƙara mata ruwa?"

Umma ta kafa wa kwanon kunu ido.

"Ni ce," in ji Yonsil.

"Tun yaushe?"

"Tun ƙarshen watan goma."

Na juyo na kalle ta. Wata uku da rabi kenan.

Oga Pyo ya sosa ƙeya. "Tsaya in gane. Kullum da safe ki hauro, ki ɗura ruwa, ki sauka ki zauna ki jira shi a kanki?"

Yonsil ta riƙa wasa da maɓallin rigar.

Ya ce dole ya ga gidan ƙasa. Ta fara kame-kame, wai ba ta yi shara ba, wai a bari sai gobe. Ni kuwa na ce mu je mana, me ake ɓoyewa? A raina cewa nake ɗan tabo ne kamar tafin hannu aka zuzuta, don a samu sabuwar takardar bango daga wurinmu, tunda kowa ya san na sama ke gyara wa na ƙasa. Na sauka ina shirya maganar da zan yaɓa mata.

Tana buɗe ƙofa warin ya dake ni. Warin tsumman da aka manta a bokiti.

Takardar silin ɗakin kwananta ta yi ciki ta sauko, ta yi ruwan ƙasa. Funfuna baƙa ƙirin ta ci bango tun daga sama har ƙugu. Na ƙirga baho biyar da tukunya ɗaya a tsakar ɗaki, kowanne da tsumma a ciki don kada a ji ƙarar ɗiga. Ta cire ƙwan fitila ta naɗe wayar da leda. Keken ɗinkinta na lulluɓe a lungu. Katifarta kuwa tana kicin, a naɗe, tsakanin firij da wurin wanke-wanke.

Oga Pyo ya hau kujera ya soki silin da sukudireba. Ruwa ya tsiyayo kamar an buɗe famfo, sai da ya cika rabin baho.

Ya sauko yana faɗa. Ya ce da wuta ta ja ta fa? Ya ce funfunar nan ƙirji take shiga ta zauna. Ya ce shi a aikinsa ya ga na ƙasa ya kai na sama ƙara saboda tabon da bai kai faifai ba, ya ga maƙwabtan shekara ashirin sun daina gaisawa a matakala, amma bai taɓa ganin wadda ke ɗiban ruwa tana kai wa yoyo ba.

Ku kira ni duk abin da kuka ga dama. Ba tausayinta na ji ba. Kishi na ji. Ina tsaye cikin safata da ta jiƙe, ina kallon baho biyar ɗin nan, kowanne kamar yana tambayata ina nake duk tsawon lokacin. Na zo da sabuwar katifa da matashi ina jin ni wata ce. Ita kuma wata uku da rabi tana kwana a kicin don uwata ta kwana da ɗumi.

Oga Pyo ya haura. Na tare Yonsil a matakala.

"Me kike nema a wurin uwata?"

"Yaya..."

"Gidan ne? Faɗa min in sani. Tsohon gida ne, ga shi har ya ruɓe."

Fuskarta ta yi ja. "Babu abin da nake nema."

"To me ya hana ki kira ni? Ba ki da lambata?"

"Umma ce ta ce kada a kira ki."

"Ki daina ce mata Umma a gabana."

Ta sunkuyar da kai. Wannan sunkuyar da kan nata ya fi komai ƙona min rai. Da za ta ɗaga murya, da na samu abin kamawa. Amma ina, sai ta tsaya shiru-shiru ta bar ka kai kaɗai kana haushi kamar mahaukaci.

Na haura na ɗauko akwati na shimfiɗa a tsakar falo. Na riƙa fizgo kayan Umma daga durowa ina jefawa, da gangan nake buga murfin don kowa ya ji. Wandunan barci, safa, man ƙafa, tabarau, carbin katakonta na zuwa haikali. Umma na zaune a kan kujerar kicin tana bi na da ido.

Oga Pyo ya ce a taya shi jan akwatin katakon da ke ɗakin. Muka ja. Ya durƙusa ya kama bakin ledar ɗakin daga lungu ya fara naɗewa. Ƙasan ya yi baƙi da danshi.

"Tsaya," in ji Umma.

Ta yunƙura da sauri za ta tashi, sai na ga ta dafe gefen cikinta na dama, ta ciji leɓe, ta koma ta zauna.

Amma ya riga ya ɗaga. Kun san tsofaffinmu, duk abin da ba sa so a gani ƙarƙashin leda suke tura shi. Wata ambulan ce babba a cikin ledar shago, gefenta ya sha ruwa. Ya ɗauko ya kakkaɓe ya miƙo min.

"Madam, ga takardunku, a shanya su."

Umma ta ce, "Miƙa wa Yonsil."

A gabana. A gaban baƙo.

Da ba ta faɗi haka ba, na rantse da ban buɗe ba. Ajiyewa zan yi a kan firij in ci gaba da haɗa kaya. Amma jin wannan kalma sai na ja da baya, na zare takardun.

Ta asibiti ce. Takardar amincewa da yin tiyata. Ga sunan Umma a sama, ga shekarunta. Ga kwanan wata, cikin watan sha ɗaya, ranar Litinin. Ban yi wani dogon tunani ba, don wannan makon ko a kabari aka tashe ni zan tuna shi. Kwana uku kafin Dongha ya zauna jarrabawar shiga jami'a.

Na sauke ido ƙasa.

Mai kula da mara lafiya: Tak Yonsil.

Dangantaka: 'ya.

Ruwa ya sa tawadar ta bazu, amma ana karantawa sarai. Na karanta sau uku. 

Oga Pyo ya kalle ni, ya kalli Umma, ya ce bari ya sauka mota ya ɗauko injin fasa siminti. Injin yana nan a bakin ƙofa, kowa na ganinsa. Ya zura takalmi ya fice.

"Umma, mene ne wannan?"

"Kin iya karatu."

"An yanka ki? An yanka ki ban sani ba?"

"Ɗan abu ne a hanji. Sun cire."

"Ɗan abu."

"Zauna, Ranhi. Kina tsaye a kaina kamar 'yar sanda."

Ban zauna ba. Ta goge baki da hankici, ta fara magana a hankali, yadda take yi idan ta riga ta yanke cewa ita ke da gaskiya. Ta ce tun watan goma aka gano. Ta ɗauki waya za ta kira ni sau biyu. Na farko na ɗauka ina raɗa, na ce Dongha na karatu, zan kira ta anjima. Na biyu ina haikali, cikin addu'ar kwana ɗari da iyayen masu jarrabawa ke yi, na turo mata saƙo cewa ina kan gwiwoyina. Ta tuna min cewa karo na biyu kenan yaron ke zama, bara ya faɗi, ya yi wata guda bai fito daga ɗaki ba. Ta tuna min cewa a gidana an cire talabijin, an hana baƙi, ubansa ma da sanɗa yake shiga banɗaki.

"Ranar jarrabawar nan jirgin sama ma hana shi tashi ake yi don kada ya dame su. Ni ce zan tashi?"

"Ke uwata ce."

"Shi kuma ɗanki ne. Da na faɗa miki, da kin rabu biyu. In ya sake faɗuwa, har ki mutu za ki riƙa cewa ciwona ne."

"To bayan jarrabawar fa?"

Ta ce bayan jarrabawa aka shiga ganawa da jami'o'i. Bayan nan aka shiga jiran sakamako. Da sakamako ya fito na kira ta ina kukan murna, ta ce a ranta bari ta gama murnarta. Da Sabuwar Shekara kuma na zo, muka yi gaisuwa, muka ci abinci, awa uku na ce za mu tafi kafin hanya ta cushe. Magungunanta ranar a gidan Yonsil aka ɓoye su.

Yoyon kuwa, mako biyu kafin tiyatar ya fara. In an kira mai gyara za a fasa daɓe, in an fasa daɓe dole ta koma gidana da ɗinki a ciki, ana saura kwanaki yaro ya shiga jarrabawa. Shi ne Yonsil ta ce a bar shi ya ɗiga, ita za ta tara.

Kun ji fa. Komai an yi shi ne domina. Don a sauƙaƙa min. An zauna an tsara rayuwata kamar ta ƙaramar yarinya, ni da wata can da ban san daga inda ta faɗo ba. Babu inda zan kama in ce an cuce ni, kuma wannan ne ya fi ci min rai. Sai na juya kan wadda zan iya.

Yonsil na tsaye jikin firij, hannu biyu a haɗe.

"Ke kuma. 'Ya. Hannunki bai yi rawa ba da kike rubutawa?"

"Yaya, sun ce ba za su shiga da ita ba sai wani na jini ya sa hannu."

"Sai kika zama jini."

"Ba haka..."

"Kin san laifi ne? Kin san in na kai takardar nan asibitin abin da zai same ki? Da ta mutu a kan gadon fa? Ke za a kira ki karɓi gawa, ni in ji a bakin maƙwabta?"

Hawaye ya zubo mata. Ta share da hannun rigar da na saya.

"Na yi ta roƙonta ta bari in kira ki. Har a ƙofar ɗakin tiyatar na roƙe ta."

"Amma kika rubuta."

"Ma'aikaciyar ce ta kalle ni ta ce, ke ce 'yarta? Ban buɗe baki ba."

Ta sake share hawaye.

"Umma ce ta ce e."

Na juya na kalli Umma. Na jira ta ce ƙarya ne. Na jira ta ce zafin ciwo ne, ko ba ta ji tambayar da kyau ba. Ta ɗauki cokali ta juya sauran kunun da ya huce.

"Kwana tara ta yi a kan ɗan bencin nan na gefen gado," in ji ta. "Ita ta riƙa zubar da fitsarina. Me kike so in ce musu?"

Na zauna a kan akwatin da nake haɗawa, don babu inda ya fi kusa.

Da a nan aka tsaya da sauƙi. Amma akwai takarda ta biyu a hannuna, ƙarama, ba ta jiƙe sosai ba, don ba ta daɗe a wurin ba. Ta komawa asibiti ce. An yi wa Umma hoto makon da ya wuce, an ce ta dawo jin sakamako ranar Alhamis, ƙarfe goma. A ƙasa likita ya rubuta da hannunsa, ya ja layi biyu: a zo tare da iyali.

Ni ba yarinya ba ce. Na san ba a jan layi biyu don a ce wa mutum ya warke.

"Alhamis ɗin nan? Nan da kwana uku?"

Umma ta kau da kai.

Na miƙe. Na zuge akwatin, na tsayar da shi, na riƙe hannunsa gam. Na ce abin da ya wuce ya wuce, ba zan ƙara tayar da shi ba. Yanzu Umma ta sa rigarta mu tafi Suwon, ɗaki na nan a gyare, ɗumin ɗakin ma tun safe na kunna. Ranar Alhamis ni zan kawo ta, ni zan zauna gaban likita. Na ce wa Yonsil an gode, za a gyara mata silin da bango, duk abin da ya lalace za a sauya, ta je ta huta. Da kyakkyawar murya na faɗa, ku shaida.

Umma ta ce, "Akwai ɗaki a bayan shagon ɗinkin Yonsil. Ƙasansa na da ɗumi. Can za mu zauna har simintin ya bushe."

"Za ku."

"Asibitin tasha biyu ne a jirgin ƙasa daga can."

"Ina da mota, Umma."

"Kin san wane magani nake sha kafin abinci, wanne bayan abinci?"

"Zan koya."

"Kin san abin da ba na iya haɗiyewa yanzu?"

"Zan koya, na ce."

Yonsil ta matso. "Umma, ki bi Yaya. Zan rubuta mata komai a takarda."

Ban san lokacin da na daka mata tsawa ba. Na ce kada ta kuskura ta roƙar min uwata. Ni ce za a ba aron uwa da takardar bayani, kamar injin wanki?

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Oga Pyo ne ya leƙo, ya ce shi fa aiki na jiransa a wani gidan da rana, in an yarda zai fara, kuma ƙura za ta tashi, gara a fitar da Kaka. Ya ga fuskokinmu, ya ja injinsa ya shige ɗaki ya turo ƙofa.

Umma ta dafa teburi ta miƙe da kanta. Ta tako har inda nake. Ta ɗora hannunta a kan nawa, a kan hannun akwatin. Hannun ya zama ƙashi zalla, sai a lokacin na ji.

"Sake shi, Ranhi."

"Umma, ni ce 'yarki."

"Na sani. Ni na haife ki, ba sai an faɗa min ba."

"To ki bar ni in je ranar Alhamis. Ko ba ki bi ni gida ba. Ki bar ni in ji da kunnena."

Ta daɗe tana kallona. Ta kalli Yonsil. Ta ce likitan ya san fuskar 'yarta, ma'aikatan ma sun sani, har tambayarta suke yi. In na shiga na ce ni ce, za a ɗauko waccan takardar a duba, kuma ita ba za ta bari a ja yarinyar nan ƙasa saboda alherin da ta yi ba.

"To in yi yaya?" na ce.

Ta zare yatsuna ɗaya bayan ɗaya daga hannun akwatin, ta tura shi wajen Yonsil.

"Ki zo, ban hana ki ba. Ki zauna a kujerar baya, ki yi shiru."

Ta gyara min wuyan rigata kamar yadda take yi ina 'yar makaranta.

"In ya tambaya, za mu ce maƙwabciya ce."